Lemon Maje da Jarrabawar Ummi

Duk wanda ka tambaya a Edmonton, unguwarmu a Landan, game da ƙanena Maje, abu ɗaya zai fara faɗa maka: mutumin kirki ne, amma ba ya ba da haƙuri. Malam Nuruddeen, wanda suka daɗe suna sahu ɗaya a masallaci, yakan ce Maje ya taɓa taka masa yatsa har farce ya ɗago, bai ce uffan ba, sai washegari ya tarar da ledar lemon zaƙi rataye a ƙofarsa. Shamsudeen, abokin aikinsa a tuƙin bas, cewa yake in ka hango Maje ya nufo ka da lemo, to ka fara tunanin abin da ya yi maka, don wani lokaci lemon kan riga ka sanin an yi maka laifi. Maƙwabciyarmu Muhibbat, Bayarabiyar da ta tashi a Sabon Garin Kano, ita ta fi kowa taƙaitawa. Ta ce bakin Maje yana ajiye a shagon Baturken nan mai kayan marmari.

Ni yayarsa ce, na ba shi shekara tara, ni na goye shi. Na riga shi zuwa Landan. Raino ne ya kawo ni gidan wani attajiri, yaran suka girma, ni kuma na zauna. Ban riƙe biro da sunan karatu ba sai ina da shekara arba'in da bakwai, a ajin manya da ake yi a laburaren unguwa. Saboda haka na san yadda mutum yake ji idan kansa cike yake da magana amma takarda ta ƙi ba shi hanya.

Maje ya yi shekara goma sha tara a Sifen. Ya fara da tsinkar lemo, daga baya ya koma kudu, gonakin tumatir ɗin nan da ake rufewa da leda. A can matarsa Sakinatu ta haifi 'yarsu ɗaya tilo. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, Hamdatu, shi ya sa ni nake ce mata Ummi, shi kuma yana ce mata Mamana. Tana da shekara goma sha biyu Sakinatu ta rasu. Maje ya tattara akwati uku ya zo wurina. Ranar da suka sauka, ko takalmi bai gama cirewa ba ya kafa doka.

"A gidan nan Hausa, a waje Turanci. Wancan yaren mun baro shi a filin jirgi."

Ummi ta ce to. Daga ranar ta zama yarinya mai shiru, har a makaranta aka ɗauka kanta ne bai da sauri. Amma ni ina ji. Idan tana hawa bene da Sifaniyanci take ƙirga matakala. Idan mai ya fallatso mata a hannu, da shi take zagin kasko. Kyanwar Muhibbat ma da shi suke hira. Ban taɓa faɗa wa ubanta ba.

Lauya take so ta zama. Tun tana 'yar shekara tara a Sifen abokan aikin ubanta suke ɗaukarta zuwa ofisoshi ta yi musu tafinta, ta ga yadda takarda guda take sa babban mutum rawar murya. Maje ya ji daɗin wannan buri fiye da ita. Ya gaya wa kowa a masallaci cewa Mamana a babbar jami'ar da ke unguwar Bloomsbury za ta yi karatu. Shamsudeen ya ce in hanya ta bi da shi ta wajen, har rage gudu yake yi yana leƙen tagogin jami'a, fasinjoji suna tsaki.

Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga karatun lauya da Turanci, sau biyu makinta bai kai ba. Bayan ta biyun ta same ni a kicin ina gyaran alayyafo.

"Goggo, ba wai ban gane ba ne. Kowace jimla sai na juya ta zuwa Sifaniyanci a kaina, in fahimce ta, in juyo da ita. Kafin in dawo sun ce a ajiye biro."

Na ce, "Ina ji."

"Akwai wata jami'a a Balensiya, can Sifen. Suna barin 'yan waje su yi jarrabawar shiga daga gida, ta kwamfuta. Sau ɗaya a shekara, a watan Mayu. Na riga na yi booking."

Na ci gaba da tsinke alayyafo. Ta tsaya tana jira in yi faɗa. Da ta gaji na ce mata ta miƙo mini kwando.

Wata huɗu muka yi a haka. Duk ranar da Maje yake aikin yamma, sai ta baza takardu a teburin kicin, ta tashi tsaye tana jayayya da firiji da Sifaniyanci, hannu ɗaya a ƙugu. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma inda muryarta ta sauka nakan ce "to", inda ta hau in ce "haba". Ta ce ni ce alƙalin da ta fi so a duniya, don ban taɓa katse lauya ba. A lokacin na fara ganin yarinyar da aka baro a filin jirgi. Ashe mai surutu ce, har da barkwanci.

Saura kwana tara Maje ya tsinci takardar gayyatar jarrabawar a ƙarƙashin tiren shayi. Ya daɗe yana kallon shafin farko, leɓensa na motsi. Da kunne ya koyi yaren, karatunsa sai a hankali.

"Mamana, mene ne wannan?"

"Ai ka karanta, Baba."

"Shekara goma sha biyu na yi ina neman hanyar fito da ke daga can."

"Ni ban taɓa cewa a fito da ni ba."

Ya ajiye takardar. "Sau biyu kin faɗi a nan. Kina tsammanin can lauyoyinsu ba su da kai? Gudu kawai kike yi."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki takardarta ta ninke ta shige ɗaki. Washegari ledar lemo ta bayyana a ƙofarta, manya-manya masu ganye a jiki. Ta tsallake ta ta wuce. Kwana biyu sai ga wata. Ita ma ta tsallake. Gaisuwar safe kawai ta rage tsakaninsu, ita ma a tsaye.

Ana gobe jarrabawa ta zaunar da ni ta yi mini bayanin ƙa'idoji. Awa uku ce. Akwai mai sa ido da za ta riƙa kallonta ta kyamara tun daga Sifen. Kafin a fara sai ta zagaya da kwamfutar ta nuna ɗakin, har ƙarƙashin gado. Ba a yarda a ji muryar kowa ba, ba a yarda kowa ya shigo ba. In aka saɓa, an soke, sai kuma baɗi.

"Ko atishawa kika yi da ƙarfi, Goggo, suna iya cewa amsa kike ba ni."

"To zan haɗiye ta."

"Ƙarfe tara zan fara. Su can goma ce, sun riga mu da awa ɗaya. Kuma don Allah kar ki ce wa Baba komai. Aikin safe gare shi, na duba a jikin firiji."

Na yi mata alkawari. Da safe na cire batirin ƙararrawar ƙofa, na roƙi Muhibbat ta kashe rediyonta, na ja kujera na zauna a lungun da ke bakin ɗakin Ummi da littafina a cinya. Ƙarfe tara na ji muryar wata mace daga kwamfuta, na ji Ummi ta amsa, sannan shiru, sai ƙarar yatsu.

Goma saura ashirin na ji mabuɗi a ƙofar waje.

Maje ne, cikin farar shaddarsa ta Juma'a. A bayansa Malam Nuruddeen da Shamsudeen da wani dattijo daga masallaci, kowa da carbi. A gidanmu tun na iyaye, ba a barin yaro ya shiga jarrabawa sai an karanta Yasin an yi masa tofi a ruwa ya sha. Ya yi mata haka a jarrabawa biyun da suka wuce. Ashe musanya aiki ya yi a ɓoye. Tunda lemo bai ci ba, ya ɗebo malamai.

Na tare shi da raɗa. "Maje, ta fara."

"Goma aka rubuta, Yaya. Da idona na gani."

"Goman can ce."

"Ke kin iya karanta yaren ne?" Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. "Saura minti ashirin. Yanzu za mu gama."

Mutumin da ya yi shekara goma sha tara a ƙasar, ya yi ƙoƙarin manta ta har ya manta agogonta. Ni kuma ga maza baƙi uku suna gaishe ni, Malam Nuruddeen yana tambayar ya gwiwa. Ban saba ɗaga murya a gaban baƙi ba, kuma a ranar ɗaga muryar ma laifi ne. Na sa yatsa a baki. Suka gyaɗa kai cikin girmamawa, suka zauna a falo, suka fara a hankali. Amma karatun mutum huɗu ba ya zama a hankali. Dattijon nan kurma-kurma ne, shi ya ja gaba, sauran suka bi shi. Bangon gidajen kansil kuwa, irin na gwamnati da muke haya, ko tari ba ya tarewa.

A nan na yi nawa kuskuren. Na ce bari in kawo musu ruwa, in sun tsaya sha in samu in yi wa Malam Nuruddeen bayani, shi yana da saurin fahimta. Ina kicin ina jera kofuna a tire, Maje ya ga goma ta kusa. Ya miƙa kofin ruwan da ya tanada kowa ya yi tofi, ya tashi. Ina fitowa na ga bayan farar riga tana shiga ɗakin Ummi.

"Salamu alaikum. Mamana, karɓi ki sha kafin a fara."

Ban san lokacin da na ajiye tiren ba. Da na isa ƙofa, Ummi tana zaune kamar an dasa ta, hannuwanta a kan tebur. Rubutun da ke fuskar kwamfutar ya ɓace, sai fuskar wata mata mai tabarau da furfura a gaban goshi, tana magana da sauri, ba alamar wasa.

Ummi ba ta juyo ba. Ta ce, "Baba, an yi cancel. Ta ce tun ɗazu take jin muryoyi, yanzu kuma wani ya shigo ya miƙo mini abu."

Maje ya tsaya da kofi a hannu. Ya dubi agogonsa, ya dube ni. Na ga lokacin da awa ɗayan nan ta faɗo masa.

Sai ya cire hularsa. Ban taɓa ganin ya cire wa wani mutum hula ba. Ya durƙusa a gefen kujerar Ummi don fuskarsa ta shiga kyamara, ya buɗe baki, Sifaniyanci ya fito. Muryar ma ba tasa ba ce, siririya ce, mai sauri, kafaɗunsa sun rusuna. Akwai kalma ɗaya da ya yi ta maimaitawa. Daga baya Ummi ta fassara mini sauran. Ya ce shi ne uban, direban bas ne, bai san doka ko ɗaya ba balle ya ba da amsa. Ya ce ruwa ne kawai da addu'a. Ya ɗaga kofin ya shanye a gaban matar, ya kife shi ya nuna mata gindinsa. Ya ce muryoyin da ta ji na tsofaffi ne masu roƙon Allah, in tana so ta gan su.

Kafin kowa ya hana shi ya kira su. Suka jeru a bakin ƙofa da carbinsu. Malam Nuruddeen ya ɗaga hannu ya ce, "Good morning, madam." Dattijon ya tambayi Shamsudeen da ƙarfi ko ita ce malamar yarinyar.

Matar ta cire tabarau ta murza ido. Ta yi wa Maje wata tambaya, ya amsa da sunan wani gari. Ashe tambayarsa ta yi inda ya koyi magana haka, don ta ce rabon da ta ji wannan karin harshe tun kakanta. Sannan ta ce kowa ya fita, Ummi ta bar hannuwanta inda ake gani, za ta tuntuɓi na sama da ita.

Muka fita muka ja ƙofa. Minti goma sha ɗaya aka yi, ina kallon agogon falo. Sai muka ji muryar matar, muka ji Ummi ta amsa da kalma biyu, sannan ƙarar yatsu ta dawo. An bar ta ta ci gaba, amma ba a mayar mata da lokacin da ya tafi ba, kuma za a kai rahoto gaban kwamiti, su za su ce a duba takardarta ko a jefar.

Malam Nuruddeen ya ce Yasin ba a barinta a rabi. Suka sauka da takalmansu a hannu, suka shiga motar Shamsudeen, suka ɗaga gilasai suka ƙarasa ta a can. Ta tagar bene ina hango kawunansu suna rausaya.

Ni da Maje muka zauna a matakala, a wajen ƙofar gida. Mai kawo saƙo ya hawo da kwali, Maje ya tare shi tun daga hawa na biyu ya sa hannu.

Can na ce, "Wace kalma ce ka yi ta maimaitawa?"

"Perdón."

"Me take nufi?"

"A yi haƙuri. A yafe mini." Ya juya hular a hannunsa. "Ita na fara koya, Yaya, kafin in koyi sunan ruwa. Kwando ya faɗi, ka faɗe ta. Wani ya ture ka, kai za ka faɗe ta. Ranar da Sakinatu ta kwanta a asibiti na makara zuwa aiki awa biyu, na tsaya gaban mai kula da gonar, yaron da na girma, na faɗe ta sau biyar. A jirgin da ya kawo mu na ce na gama. Na bayar da wadda za ta ishe ni har kabari."

Ya dubi ƙofar gidan, ya ci gaba.

"In na ji Mamana tana yaren nan, muryar masu gonar nake ji."

"Ni kuwa wata huɗu ina jin ta," na ce. "Dariya take yi da shi."

Ya sunkuyar da kai. Ƙarfe goma sha biyu Ummi ta buɗe ƙofa, idonta ja. Ta ce tambayar ƙarshe ba ta kai ƙarshenta ba, saura sakin layi ɗaya. Ta faɗa mini ne, ba ta dubi inda yake ba.

Sati uku muka jira kwamiti. A sati ukun nan lemo ya ci gidanmu. Kullum leda, wani lokaci biyu. Ya cika kwandon kicin, ya hau kan firiji, ya gangara ƙarƙashin kujera. Na matse, na yanka, na rarraba wa hawa huɗu. Muhibbat ta dawo mini da leda ta uku ta ce haƙoranta sun mutu, in gaya wa ƙanena ko laifin kisa ya yi ya isa haka. Baturken shagon ya fara tambayata ko gidan abinci muka buɗe. Ummi ko ɓawo ba ta taɓa ba.

Wata safiya yana ɗaure takalmi na tsaya a kansa.

"Maje, ka cire wa baƙuwa hula a kwamfuta. 'Yarka tana ɗaki na biyu."

"Ai ta san abin da nake nufi."

"Ta sani. So take ta ji."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ranar Laraba da la'asar saƙon ya shigo wayarta. Muna kicin. Ta karanta a zuci, ta sake karantawa, sannan ta karanta mini da ƙarfi da Sifaniyanci tun daga sama har ƙasa, ni kuma na ce "to" a inda muryarta ta sauka. Sai da ta ga ina jira ta tuna ban ji ba. Kwamiti ya karɓi takardarta. Makinta ya haye da kaɗan. An ba ta gurbi, watan Satumba za ta fara. Ta rungume ni har mayafina ya zame, ta ce rabin digirin nawa ne.

Ba a yi rabin awa ba muka ji mabuɗi. Maje ya shigo da rigar aiki. Abin da na fara dubawa hannunsa ne. Babu leda.

Ya ga wayar a hannunta, ya ga fuskokinmu, amma mun riga mun gyara su, ba abin da zai karanta. Ummi ta buɗe baki.

"Dakata, Mamana. Kar ki faɗa mini tukuna. Ko me suka ce, ba na so ki ɗauka saboda shi ne."

Ya ja kujerar da nake zama in ina sauraronta, ya zauna a gabanta. Akwai lemo uku a kan teburin, ya ture su gefe. Ya cire hular aiki ya ɗora a gwiwa. Na juya ina wanke kofin da na riga na wanke.

"Na shigo miki ɗaki na cinye miki lokaci. Na ce gudu kike yi, alhali ni ne na gudo. Kuma na hana ki yaren da kike hira da mahaifiyarki da shi, shekara bakwai, don abin da wasu suka yi mini, ba ke ba." Ya yi gyaran murya. "Ban kyauta ba. Ki yi haƙuri, Mamana. Ki yafe mini."